Kebul ɗin cikin bango: me ya sa "ai yana aiki" ba hujja ba ce

A cikin kayan sadarwar da ake zuba wa gini, wanda ya fi daɗewa shi ne wanda ba a gani. Kwamfuta takan yi 'yan shekaru a sauya ta. Rauta da suwic, wato na'urar da ke rarraba layi ga kwamfutoci, su ma haka. Kebul kuwa, da zarar an yi filasta an rufe silin, ya zauna ke nan. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi har garantin shekara 20 zuwa 25 suke bayarwa idan an sa shi bisa ƙa'ida. Duk da haka shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai an gama komai ake tunawa da shi, a kira wanda ya yi wayarin ɗin wuta a ce masa, "Tunda kana nan, ka ja mana na intanet ma." Shi kuma ya ja, ya haɗa, ya soka a kwamfuta, 'yar fitila ta kawo kore, kowa ya ce ai yana aiki.

A wayar wuta wannan magana tana da ɗan gaskiya, domin ko dai ƙwan lantarki ya kama ko bai kama ba. Kebul ɗin bayanai ba haka yake nuna ciwonsa ba. Idan an ɓata shi wajen sawa, yawanci ba ya mutuwa. Saƙo ya taho ya lalace a hanya, na'urar da ke karɓa ta yar da shi shiru, a sake aiko wani. Mai amfani da kwamfuta bai ga komai ba sai nawa, sai murya tana yankewa a tsakiyar kira, sai kyamarar tsaro tana ɗaukewa tana dawowa. Daga nan a ɗora laifi kan kamfanin intanet, a sauya rauta, a sayo sabon suwic, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wanda yake son gane dalilin ƙa'idojin aikin nan, ya samu guntun kebul ya feɗe rigarsa. Zai ga zare takwas na jan ƙarfe, an haɗa su bibbiyu sun zama tagwaye huɗu: shuɗi, ruwan lemo, kore da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa mai ratsin fari. Kowane tagwaye a murɗe suke da juna kamar igiya, kuma in ya lura da kyau zai ga murɗin wasu ya fi na wasu matsewa. Wannan murɗin shi ne sirrin kebul ɗin gaba ɗaya. Ana aika saƙo ne ta zare biyun a lokaci guda, ɗaya kishiyar ɗaya, na'urar da ke can ƙarshe kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa. Duk hayaniyar da ta shigo daga waje, ta injin ce ko ta wayar wuta, in dai ta taɓa zare biyun daidai wa daida, to ta soke kanta. Murɗin ne ke sa su riƙa musayar wuri har kowanne ya sha hayaniyar daidai da ɗan'uwansa. Bambancin matsewar kuma shi ke hana tagwayen da ke kwance kusa da juna yi wa juna katsalandan. Dabarar ba sabuwa ba ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881, lokacin da masu tarho ke fama da jin hirar wasu a layinsu.

Ke nan kebul ɗin bayanai siffarsa ce aikinsa. Kusan duk dokar da za a ji a wannan sana'a, ta ja ce, ta lanƙwasa ce ko ta ɗauri, manufarta ɗaya: kada tazarar da ke tsakanin zaren nan da murɗinsu su canza daga yadda masana'anta ta fito da su.

A nan ne tsohon sabo yake cutarwa. Layin tarho na gargajiya murya kaɗai yake ɗauka, wadda kaɗawarta ke tsakanin zagaye 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Wannan abu ne mai haƙuri ƙwarai. Ana iya jan waya ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki, a tsaga nan a ɗauki reshe, a murɗa biyu da hannu a naɗe da salatif, kuma a yi magana lafiya lau. Kebul mafi ƙarancin daraja da ake sawa yau don bayanai, wanda ake kira Cat5e, an gina shi ne don zagaye miliyan 100 a daƙiƙa, kusan ninki dubu 30 na muryar tarho. Cat6 yana kaiwa miliyan 250, Cat6A kuma miliyan 500. A irin wannan gudu, duk inda aka yi ƙari, ko aka ɗauki reshe, ko kebul ya karye kwana, wani ɓangare na saƙon yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa ya rikita wanda ke tafe. Shi ya sa ƙwararren da ya shekara talatin yana haɗa tarho ko wuta zai iya yin aiki mai kyan gani, mai tsafta, amma ya faɗi gwaji.

Kafin 1991 kowane kamfanin kwamfuta da irin kebul ɗinsa, wanda ya sauya na'ura sai ya sauya wayarin ɗin gini. A shekarar ne aka fitar da kundin ƙa'idoji na TIA/EIA-568 a Amurka, sannan na duniya, ISO/IEC 11801, ya biyo baya a 1995. Turai kuma tana da EN 50173 da EN 50174. Sun bambanta a ƙananan abubuwa, amma ginshiƙinsu ɗaya. Kowane soket a bango yana da nasa kebul shi kaɗai, wanda ya taho kai tsaye ba yanka ba ƙari daga ɗakin sadarwa, inda duk kebul ɗin ke ƙarewa a bayan allon mahaɗa, wato allon da aka jera soket-soket a jikinsa. Soket ɗin bai san ko tarho za a soka masa ko kwamfuta ko firinta ba. A ɗakin sadarwa ake yanke wannan hukunci, da gajeriyar igiyar haɗi wadda za a iya cirewa a mayar wani wuri cikin minti ɗaya. Ofishin da yau yake na akawu gobe ya zama ɗakin taro, ba a fasa bango ba.

Lambar da kowa ya haddace ita ce mita 100, amma da yawa ba su san yadda aka raba ta ba. Mita 90 ne kawai na kebul ɗin cikin bango, sauran 10 na igiyoyin haɗi ne na ɓangarorin biyu a haɗe. Dalili kuwa, na cikin bango zarensa sandararre ne guda ɗaya, yana kai saƙo nesa amma ba ya son yawan motsi. Na igiyar haɗi ƙananan zare ne da yawa aka tufka don ya yi laushi, sai dai ya fi cinye ƙarfin saƙo. Kuma mita 90 ɗin tsawon kebul ne yadda ya bi, da hawansa bango da saukarsa da kewaye ginshiƙi, ba tazarar da aka auna a takardar zane ba. Akwai wani abin da ake yawan mantawa: an ƙayyade wannan tsawo ne a zafin digiri 20. Jan ƙarfe in ya ɗumama yana ƙara taurin kai wa lantarki. A digiri 40 kebul marar sulke, wato wanda ba a lulluɓe zarensa da siririn ƙarfe ba, yana sauka zuwa kusan mita 84, a digiri 60 kuwa kusan 75. Wanda zai bi da kebul ta ƙarƙashin rufin da rana ke duka, ya yi lissafi da wannan. Saboda haka wurin da za a sa ɗakin sadarwa magana ce ta ranar zana gini. Tun ran gini ran zane. Idan aka cusa shi a wani lungu can ƙarshen bene don kawai nan ne ba mai so, ofisoshin ɗaya gefen za su zarce iyaka, kuma babu gwanintar da za ta gyara wannan sai ƙarin ɗaki.

Ranar ja ita ce ranar da aka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar da ba ta barin tabo a waje. Ƙarfin da aka yarda a ja kebul mai tagwaye huɗu da shi bai wuce niyuton 110 ba, kwatankwacin ɗaga kilo 11. Mutum ɗaya da hannu ɗaya zai wuce haka in kebul ya maƙale ya fizga. Abin da ke faruwa a ciki shi ne jan ƙarfen ya miƙe ya sirance, murɗin ya saki, rigar kuwa tana nan sumul. Maganin yana wajen bututun da kebul ke bi ta ciki. Kada a cika shi fiye da kashi 40 cikin 100, kada a yi kwana mai digiri 90 fiye da biyu ba tare da akwatin ja, wato akwatin da ake buɗewa a ja kebul, a tsakani ba, kada kuma tsakanin akwati da akwati ya wuce mita 30. In ana ja, mutum ɗaya yana zarewa daga kwali yana lura kada ya harɗe, wani yana kan kwana yana tallafa masa. Kebul ɗin da ya ƙulle ya yi gwiwa, ko an miƙe shi bai koma yadda yake ba.

Lanƙwasa ma tana da iyaka: ninki huɗu na kaurin kebul, in an auna daga tsakiyar kwanar. Ga kebul mai kaurin milimita 6, da'irar da zai zagaya kada faɗinta ya gaza santimita 5. Inda aka fi karya wannan doka shi ne cikin akwatin soket, lokacin da aka bar rara mai yawa aka tura ta ciki da ƙarfi don murfi ya rufu.

Sai ɗauri, wanda ni a ganina nan ne son kyan aiki yake zama illa. Ma'aikaci mai tsafta yana son ganin kebul a jere tsaf, sai ya ɗauko maɗaurin roba ya ja har ya nutse cikin riga, kowane taku ɗaya ya sa wani. Hoton ya yi kyau, amma kowane ɗauri ya matse tagwayen cikin juna. Maɗauri mai laushi irin na Velcro ya fi, a sa shi sakwa-sakwa yadda za a iya juya shi da yatsa. Ƙusar da ake bugawa a danne waya a jikin bango ba ta wannan aikin ba ce sam. A cikin silin kuma ba a shimfiɗa kebul a kan allunan silin ɗin ko a rataya shi a bututun ruwa. Yana da nasa tire ko ƙugiyoyi, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba.

Duk wannan kulawa tana iya tashi a banza a santimita biyun ƙarshe. Wajen haɗa kebul da soket dole a warware murɗin kaɗan, kuma abin da aka yarda da shi milimita 13 ne, ƙasa da faɗin babban yatsa. Mai gaggawa yakan feɗe riga mai tsawo, ya warware tagwayen duka ya miƙe su don su yi masa sauƙin jerawa. A wannan ɗan wurin ne katsalandan ya fi tsanani, domin nan saƙon da ke fita yake da cikakken ƙarfinsa, wanda ke shigowa kuma ya riga ya gaji.

Jerin launuka iri biyu ne, T568A da T568B, bambancinsu kawai musayar wuri tsakanin kore da ruwan lemo. An daɗe ana gardamar wanne ya fi, kuma gardamar banza ce, babu wanda ya fi wani gudu. A zaɓi ɗaya a bi shi a duk ginin. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne na wanda ya ƙirƙiro nasa jerin, yana cewa ai in dai kan nan ya yi daidai da kan can shi ke nan. A filogin mai ƙafa takwas, ƙafa ta 3 da ta 6 tagwaye ɗaya ne, sun tsallake ta 4 da ta 5 da ke tsakiya. Wannan gado ne daga tarho, wanda layinsa na farko ke zama a tsakiyar soket. Wanda bai san haka ba zai jera tagwayen bi da bi, sai saƙo ɗaya ya rabu kan zare biyu da ba a murɗe suke da juna ba. 'Yar na'urar gwaji mai fitilu takwas za ta nuna masa komai daidai, domin kowane zare ya isa inda aka nufa. A gajeren kebul har ya yi aiki. A dogo kuwa sai a yi ta neman aljanin da ya shiga layin.

Akwai alamar da ta cancanci kowa ya sani. Layin megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, ruwan lemo da kore. Na gigabit, wato megabit 1,000, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 1999, yana buƙatar duka huɗun. Idan zare ɗaya na shuɗi ko na ruwan ƙasa bai kama ba, na'urori da yawa ba sa ƙorafi, sai su sauka zuwa 100 su ci gaba. Ofis na iya shekaru yana tafiya a kashi ɗaya cikin goma na abin da ya saya. Wannan ne kuma ya kashe tsohuwar dabarar raba kebul ɗaya gida biyu, tagwaye biyu ga kwamfuta, ɗaya ga tarho. A zamaninta ta yi amfani, yau kuwa ta toshe hanyar gigabit. Haka nan soka ƙaramin filogin tarho a babban soket yana iya lanƙwasa ƙafafun gefe, na 1 da na 8, soket ɗin ya lalace ga kwamfuta daga baya.

Game da wayar wuta, maganar gajeriya ce. Ba sa shiga bututu ɗaya, don kare rai kafin ma a zo kan hayaniya. In hanyarsu ɗaya ce a raba su da tazara ko da shamakin ƙarfe, in dole su haɗu su gitta juna a miƙe kamar alamar tarawa. A nisanci injina, taransifoma da dogayen fitilun nan masu cok.

Abin da ya sauya lissafi a shekarun nan shi ne kebul ɗin bayanai ya koma ɗaukar wuta shi ma. Tun 2003 aka amince a tura wat 15.4 ta cikinsa don kunna tarhon tebur. A 2009 aka kai 30, a 2018 kuma har 90. Kyamarori, na'urorin Wi-Fi na jikin silin, makullan ƙofa, duk yanzu ta nan suke ci. Wuta kuwa tana kawo zafi, kuma kebul ɗin da ke tsakiyar babban dami ba shi da inda zai fitar da shi, shi ya sa ake ba da shawarar kada dami ya wuce kebul 24. A nan ne kuma asirin jabun kebul yake tonuwa. Akwai wanda zarensa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a kwali kuma a rubuta Cat6. Babu ƙa'idar da ta yarda da shi. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iya wucewa da shi, don haka ya fi zafi, wutar da ke isa ƙarshe ta ragu, ga shi da saurin karyewa a wurin haɗi. Gane shi ba wuya: a kankare zaren da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to shi ne. Kwalinsa ma ya fi sauƙi a hannu. Araha dai ba ta ado.

Rigar kebul ma ba don kyau aka bambanta ta ba. A ranar 27 ga Fabrairun 1975 gobara ta tashi a wata babbar cibiyar tarho a birnin Niyu Yok, ta bi kebul masu rigar roba daga bene zuwa bene. Layuka sama da 170,000 suka mutu, aka yi kwana 23 kafin a dawo da su, ma'aikatan kashe gobara da dama kuma suka shaƙi hayaƙi mai guba. Irin wannan ne ya sa dokokin gini suka ware kebul ɗin da za a sa a hanyar iskar sanyaya ɗaki, da wanda zai hau tsakanin benaye, da mai ƙarancin hayaƙi. Duk ramin da aka huda a bango ko daɓen da aka gina don tare wuta, dole a toshe shi da abin da wuta ba ta ci bayan kebul ya wuce. Dokar lantarki ta Amurka ma tun 2002 ta wajabta kwashe tsoffin kebul da aka daina amfani da su, domin tarin su a silin makamashi ne kawai.

Tsakanin gini da gini kuwa, ra'ayina a nan ba ya rawa: a sa faiba, wato kebul mai zaren gilashi da ke kai saƙo da haske. Jan ƙarfen da ya fita waje hanya ce da aka shimfiɗa wa tsawa har cikin suwic, kuma wayar ƙasa ta gine-gine biyu ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba, sai bambancin ya bi ta kebul. Zaren gilashi ba ruwansa da wannan, ga shi yana kai gigabit 10 mita 300 a nau'in OM3, a nau'in mai hanya ɗaya kuma kilomita 10. Nasa raunin datti ne. Cibiyar da haske ke bi a wannan nau'in na biyu ba ta wuce kashi 9 cikin 1,000 na milimita ba, ƙura ɗaya ta isa ta rufe ta, don haka ana duba kan a goge kafin kowane haɗi. Ba a kuma leƙa bakinsa da ido, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana ƙona ido.

To wane kebul za a saya? Cat5e yana ɗaukar gigabit a cikakken tsawo, kuma tun 2016 akwai ƙa'idar da ke fitar da gigabit 2.5 daga cikinsa, don haka wanda yake da shi a bango kuma lafiyarsa ƙalau ba shi da dalilin fasa gini. A sabon aiki Cat6 ya dace da yawancin tebura, sai dai gigabit 10 ɗinsa ba ya wuce mita 55. Inda za a rataya na'urar Wi-Fi ko wani abu mai cin wuta sosai, Cat6A ya cancanci kuɗinsa, amma a sani ya fi kauri, yana son bututu mai faɗi da akwati mai zurfi. Mai sulke kuma sai in za a haɗa sulken da wayar ƙasa yadda ya kamata, in ba haka ba an sayi wahala ne kawai. Kuma layi yana tafiya ne da gudun mafi rauni a cikinsa: kebul Cat6A da soket Cat5e, layin Cat5e ne. Tun da ladan ma'aikaci da fasa bango sun fi kebul ɗin kansa tsada, jan biyu a inda ake bukatar ɗaya yau ya fi sauƙi a kan dawowa baɗi.

Ranar karɓar aiki, abin da mai gini zai nema ba koren fitila ba ne. Akwai na'urar tantancewa da ke auna tsawon kowane layi, da yawan ƙarfin da saƙo ya rasa a hanya, da katsalandan tsakanin tagwaye, da abin da ya dawo baya, sannan ta ce ya ci ko ya faɗi a ma'aunin da aka yi alkawari. Tana da tsada, ba kowane ma'aikaci ke da ita ba, amma ana haya, kuma ya kamata tun a takardar kwangila a rubuta cewa sai an kawo sakamakon kowane soket ɗaya bayan ɗaya kafin a biya kuɗin ƙarshe. Tare da shi a karɓi zanen da ke nuna inda kowane kebul ya bi a zahiri. Kowane layi ya zama da lamba iri ɗaya a soket da allon mahaɗa da jikin kebul ɗin a kai biyun, bugaggiya, domin rubutun alƙalami a kan salatif ba ya shekara biyu. A leƙa sama da kabad ɗin ɗakin sadarwa a ga an bar rarar kamar mita 3, a bayan soket kuma kamar santimita 30, saboda ranar da za a sake yanke kai. Sannan a buɗe akwatin ja ko guda ɗaya a duba ko an bar igiya a cikin bututun, wadda mai zuwa ƙara layi nan gaba zai ɗaura nasa kebul a kai ya ja.